Daren da kuncina ya kumbura: abin da na gani a wani asibitin haƙori a Kaduna

Tun da na koma karɓar aiki, kusan duk wadda ta zo ɗaukar cincin ko alkaki sai ta tambaye ni yadda aka yi fuskata ta saɓe, da inda aka kai ni a daren nan. Maimaitawa a bakin ƙofa ta yi yawa, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya, da daɗinsa da rashin daɗinsa. Asibitin haƙori ne mai zaman kansa, a saman bene, ta ɓangaren Unguwar Rimi. Ba zan kama sunansa ba, domin ba talla aka ba ni ba, kuma a maganar tawa akwai yabo akwai ƙorafi.

Sana'ata soye-soye ce a gida, nan Unguwar Dosa: cincin, dubulan, alkaki, kek na biki da na suna. Duk kwaɓin da na yi sai na ɗanɗana, duk ruwan sukarin da na ɗora sai na lasa in ji ko ya yi danƙo. A wuni ɗaya sukari kan shiga bakina sau ba adadi. Haƙorina, turmin ƙasa ta hagu, ya yi kogo kusan shekara biyu ke nan. Da farko ruwan sanyi ne kawai ba ya so, in na kurɓa sai in ji tsam, kamar an soka allura, sannan ya wuce. Sai na mayar da tauna ɓangaren dama, in abinci ya maƙale in sa tsinke in sakace, rayuwa ta ci gaba.

Watan jiya, ina tsakiyar aikin wani biki, ya fara zugi da dare. Wanda bai taɓa yi ba ba zai gane ba. Da na kwanta sai ya taso, yana bugawa tare da bugun zuciya, har cikin kunne da gefen kai. A zaune nake kwana, na jingina da bango. Na tauna kanumfari, na kurkure da ruwan gishiri, daga baya na aiki yaro kemis. Aka haɗo mini magani kala huɗu a leda, babu kwali babu suna, aka ce in sha safe da dare. A kwana na huɗu ciwo ya ɗauke ɗif. Na yi hamdala, na ƙarasa aikin bikin, har na yi wa wata maƙwabciyata kwatancen kemis ɗin.

Wannan ɗaukewar ce dalilin rubutun nan. Ashe ranar da na ɗauka na warke, ranar haƙorin ya mutu.

Bayan kamar sati uku sai na ji haƙorin ya fi 'yan'uwansa tsawo. In na rufe baki shi yake fara taɓa na sama, kuma taɓawar kamar an danna ƙurji. Ranar Juma'a da yamma dasashi ya tasa, kaluluwa ta fito a ƙarƙashin muƙamuƙi. Kafin magaribar Asabar kuncina na hagu ya cika ya yi sheƙi, zazzaɓi ya rufe ni, bakina ba ya buɗuwa fiye da faɗin yatsa biyu. Shawarwari suka yi ta shigowa gidan, kuma duk don ƙauna. Wata ta ce a gasa da tsumma mai zafi, wata ta ce a shafa man zafi, surukata ta ce da safe a kira mai cire tsutsar haƙori. Maigidana ne ya ce ba za a kai safe ba. Wani abokinsa ya turo masa lambar gaggawa ta wannan asibiti, ya kira bayan isha'i.

Nan na fara ganin bambanci. Wadda ta ɗauka nas ce, kuma ba ta fara da maganar kuɗi ba. Ta ce a ba ni wayar. "Hajiya, kina iya haɗiye yawu? Numfashinki fa, in kin kwanta yana toshewa? Taɓa ƙarƙashin haɓarki, ya yi tauri kamar katako? Harshenki ya tasa sama? Kumburin ya kai ido?" Na ce ina haɗiya, da ƙyar dai, numfashi lafiya. Ta ce to mu taho yanzu za ta kira likita. Ta ƙara da cewa in a hanya numfashi ya canza ko na kasa haɗiye yawu, kada mu tsaya wurinsu, mu wuce kai tsaye sashen gaggawa na babban asibiti, Barau Dikko ko asibitin sojoji na 44, wanda ya fi kusa. Wurin da ke neman kuɗinka amma ya fara gaya maka iyakar abin da zai iya, ya cancanci a faɗa.

Mun isa wajen tara da rabi. Likita bai iso ba sai bayan goma da 'yan mintoci, domin daga gida ake kiransa. Minti arba'in ɗin nan sun yi mini tsawo ƙwarai, kuma da an faɗa mana a waya cewa babu likita a ƙasa, da na san da jira zan zo. An ɗauke wuta, inji ƙarami aka tayar, fanka ɗaya ke juyawa a ɗakin jira. Sai dai nas ɗin ba ta bar ni haka ba. Ta auna zafin jikina ya kai 38.6, ta auna jini, ta soki yatsana ta gwada suga. Na tambaye ta me ya haɗa suga da haƙori, ta ce mai ciwon suga kumburi irin wannan ya fi saurin bazuwa a jikinsa, kuma ya fi jinkirin warkewa, wasu ma a kujerar haƙori ake fara gano suna da shi. Nawa ya fito daidai. Maigida kuwa yana tsaye yana karanta takardun da ke jikin bango, ya nuna mini lasisin likitan daga MDCN, majalisar da ke yi wa likitoci da likitocin haƙori rajista a Najeriya. Ya ce duk inda za a sa wa mutum ƙarfe a baki, ya fara neman wannan takardar.

Da likita ya zo, ya yi sallama, ya ba da haƙuri, ya wanke hannu a gabana. Abu na farko da ya nema shi ne ledar kemis, kuma Allah Ya sa na zo da ragowar. Ya zazzage ta a kan faranti, ya sa bakin almakashi yana ware ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya. "Wannan diclofenac ne, wannan ibuprofen. Dangi ɗaya ne, Hajiya, ba a haɗa su, suna iya ƙwarzane ciki su taɓa ƙoda. Wannan farasitamol ne. Wannan kafso kuma maganin ƙwayoyin cuta ne, guda nawa aka ba ki?" Na ce shida. Ya girgiza kai kawai. Bai yi mini faɗa ba, bai zagi mai kemis ba. Ya tambaye ni ko ina da olsa, ko asma, ko juna biyu, ko ina shayarwa, ko wani magani ya taɓa fito mini da ƙuraje, musamman dangin fenisilin.

Sai hoto. Wani ɗan faifai aka sa mini a cikin baki ta gefen harshe, da wahala saboda bakin ba ya buɗuwa, kafin minti biyu hoton ya fito a kwamfuta. Ya juyo da allon wajena, ya kira maigida ya matso. Na ga haƙorina da saiwoyinsa biyu, saman ya rube ya zama baƙi har ƙasa da dasashi, a ƙarshen saiwa ɗaya kuma ga wani duhu zagayayye kamar ƙwayar wake. Ya ɗora bakin biro a kai ya ce, "Nan mugunyar ta fara taruwa, cikin ƙashi."

Bayanin da ya yi mini a daren nan, da Hausa tsantsa, shi ne abin da na fi ɗauka da daraja a duk kuɗin da muka biya. Ya ce haƙori hawa uku ne. Akwai farin saman, wanda babu abin da ya kai shi tauri a jikin ɗan Adam. Ƙarƙashinsa akwai wani mai ɗan taushi. Can tsakiya kuma akwai ɓargo, inda jijiya da hanyoyin jini suke. Babu wata tsutsa. Ƙwayoyin cuta ne da ke zaune a bakin kowa, suna cin sukarin da ya saura su fitar da tsami, tsamin ke narkar da farin saman a hankali har ya huda. Kuma ba yawan sukarin da aka sha a zama ɗaya ne ya fi ɓarna ba, yawan maimaitawa ne, domin duk lasa ɗaya sabon tsami ne, yawu bai gama wanke na baya ba wani ya zo. Da ya faɗi haka sai na tuna tukunyar alkakina.

In ramin ya kai ga ɓargo, in ji shi, ɓargon yakan kumbura a cikin ɗakin da ba shi da wurin buɗawa, shi ne zugin daren da ya hana ni kwanciya. In an bar shi, jijiyar sai ta mutu, ciwo ya ɗauke, mutum ya ce magani ya yi. Alhali ƙwayoyin cutar sun samu gida ne, suna bin saiwa suna gangarawa cikin ƙashin muƙamuƙi. Na ce to ba sai a ba ni magani mai ƙarfi ya kashe su ba? Ya ce, "Hajiya, magani jini ne ke kai shi inda ake buƙata. Mataccen haƙori jini ba ya shiga cikinsa. Ko kwali goma kika shanye, kumburi zai lafa ne ya dawo. Sai an fitar da mugunyar, an kuma raba ki da tushenta." Ban taɓa jin wanda ya faɗa mini wannan ba, kuma na san mata da yawa a unguwarmu da ke shan kafso duk bayan 'yan watanni a kan haƙori ɗaya.

Ya daɗe yana latsa ƙarƙashin haɓata da ƙasan harshena. Ya ce nan ne abin tsoron turamen ƙasa: in mugunya ta ɓalle ta ciki, takan cika ƙasan baki, ta tura harshe sama da baya, ta toshe hanyar numfashi, kuma cikin sa'o'i hakan ke faruwa. Ƙanwata da ke karatun jinya ta gaya mini daga baya cewa a littattafansu ana kiran wannan da sunan Ludwig, wani likitan Jamus da ya bayyana shi a 1836, kuma har yau yana kisa in an yi jinkiri. Sai a lokacin na fahimci tambayoyin da nas ta jero mini a waya. Nawa ta gefen kunci ya ɓullo. Ya kuma ce gara da ba a gasa ba, domin zafi daga waje yana iya jawo mugunyar ta fashe ta fatar fuska ta bar tabo.

Kayan aikin a cikin leda mai liƙe suke, nas ta yaga a gabana. Ta nuna mini wani layi a jikin ledar da ke canza launi in an dafa kayan a tukunyar tururi mai matsi. Na kula da wannan sosai, domin ciwon hanta na kama mutane ta ƙarfen da ba a dafa ba, kuma a danginmu mun gani.

Kafin allura ya gaya mini gaskiya: inda mugunya take, allurar kashe zafi ba ta kamawa sosai, don haka zan ɗan ji. Ya ce in ya yi yawa in ɗaga hannun hagu, zai tsaya. Ya yi allurar can ƙuryar baki, bayan 'yan mintoci rabin leɓena da rabin harshena suka yi nauyi kamar ba nawa ba. Da ya tsaga dasashin na ji, ba zan ɓoye ba, na ɗaga hannu, kuma ya tsaya har na nutsu. Sai wani ruwa mai gishiri-gishiri da wari ya cika mini baki, nas tana zuƙewa da ɗan bututu tana cewa, "Sannu Hajiya, sannu, an kusa." Yana latsa kuncin daga waje a hankali, abin yana fita. Kafin ya gama wankewa na ji kamar an kwance wani ɗauri da aka tamke mini kai da shi kwana biyu. Hawaye suka zubo mini, na sauƙi ne. A daren na yi barci a kwance.

Ya rubuta amoxicillin da Flagyl na kwana biyar, ya ce in shanye ko da kumburi ya saɓe, kuma Flagyl zai sa bakina ɗaci kamar na lashi ƙarfe, kada in tsorata. Na zafi kuma ibuprofen bayan cin abinci, da farasitamol, shi kuma farasitamol kada in wuce ƙwaya takwas masu miligiram 500 a wuni da kwana. Suna da magani a wurin, amma ya fi na waje tsada, kuma da maigida ya ce zai saya a gari ba su ɓata rai ba. Washegari Lahadi da hantsi nas ɗin ta kira ta ji yadda na kwana, ta sake jero tambayoyin haɗiya da numfashi.

Maganar kuɗi. Kati naira 5,000, hoto 5,000, fitar da mugunya 15,000, sai kuɗin fitowar dare 10,000. Wannan na ƙarshen ne ya ɓata mana rai, ba don bai dace a biya wanda aka taso daga gida ba, sai don ba a ambata shi a waya ba, a takarda muka gan shi. Mu Allah Ya rufa asiri akwai a asusu, aka yi tiransifa. Wani da ya taho daga Rigasa ko Hayin Banki da kuɗinsa a ƙirge, yaya zai yi da ƙarfe goma sha ɗaya na dare? Na faɗa wa likitan wannan a zuwana na biyu, ya ce za su gyara.

Ranar Talata aka ba ni in koma, lokacin baki ya buɗu. An ce ƙarfe goma, ban shiga ba sai bayan sha biyu, kuma ba wanda ya fito ya ce mana ga dalili. Yarinyar da ke kan tebur da rana ba ta jin Hausa, wata dattijuwa da ta zo ita kaɗai sai da na yi mata tafinta. Ga kuma benen: ina zaune aka hau da wani tsoho, 'ya'yansa biyu sun tallabe shi, yana hutawa a kowace matakala. Asibitin da tsofaffi ke zuwa ya kamata ya yi tunanin wannan.

Na so a ceci haƙorin. Akwai aikin da suke kira rut kanal, a huda haƙori a kwashe mataccen ɓargon, a wanke cikin saiwoyin a cike, sannan a sa masa hula. Ya ce da zai yiwu, da hula da komai sai ya haura naira 150,000, kuma shi ne ya fi riba a gare su, amma nawa ruɓar ta gangara ƙasa da dasashi, babu bangon da hula za ta zauna a kai, kuɗina kawai zan zubar. Sai ya ƙara wata magana da ta tsaya mini a rai: da na zo lokacin da ruwan sanyi kawai yake damuna, ciko ne na rabin awa. Na tambaye shi abin da ake faɗa cewa cire haƙori yana taɓa ido, ya ce babu wannan, jijiyar gani daban take da ta haƙori.

Cirewar naira 20,000 ce. Wannan karon allura ta kama sarai, turawa da girgizawa kawai nake ji. Saman ya ruguje da ya kama, kamar yadda ya riga ya faɗa mini, sai ya raba saiwoyin ya zaro su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗora a auduga ya nuna mini duka biyun don in tabbata ba a bar guntu ba. Duka bai kai rabin awa ba.

Takardar bayanin kula da wurin da suka ba ni da Turanci take zalla, a garin da galibin masu shigowa Hausa suke ji. Nas ce ta zauna ta fassara mini: in cije auduga rabin awa, ranar farko ban da kurkure baki, ban da yawan tofar da yawu, ban da abu mai zafi, ban da taɓa wurin da harshe ko yatsa. Gudan jinin da ya daskare a ramin shi ne murfinsa, in ya fita ƙashi ya bayyana, ciwon da zai biyo baya a kwana na uku ko na huɗu yakan fi na farko. Daga washegari sai ruwan ɗumi da gishiri, a hankali, bayan kowane abinci. Na ce alwala fa, Sista? Ta yi murmushi ta ce kullum sai an yi mata wannan tambayar. Ta ce in sa ruwa kaɗan in sunkuya ya zubo da kansa, ban da wujijjigawa. Ni ma na san a karatunmu na Islamiyya kurkure baki sunna ce a alwala, ba farilla ba, sai hankalina ya kwanta. Kunu mai sanyi-sanyi da fate na sha kwana uku, a sati guda wurin ya fara haɗewa.

Wanda ya tambaye ni ko zan koma, zan koma, kuma zan kai nawa. Hannun likitan da gaskiyarsa da kulawar nas ɗin sun rinjayi jira da zafin ɗaki. Amma duk mai zuwa da dare ya tambayi jimillar kuɗi tun a waya, ya tambaya ko likita na ƙasa, ya kuma tafi da duk ledar maganin da ya sha. In kuwa kumburi ya sauka ƙarƙashin haɓa, ko yawu ya ƙi haɗiyuwa, ko murya ta canza, ba wurin ƙaramin asibiti ba ne, babban asibiti za a nufa a daren.

Saura giɓin. Likita ya ce in aka bar shi shekaru, na kusa sukan karkato, na sama ya zazzago, don haka in wuri ya warke za mu zauna a kan abin da za a sa. Ya kuma gano wani ƙaramin rami a turmin dama, wanda bai taɓa yi mini ciwo ba. Yanzu in na ɗanɗana kwaɓi sai in kurkure da ruwa, kuma ba na kwanciya sai na goge da buroshi da man da ke da fuloraid, aswakina kuma yana nan na lokutan salla. Da na dawo gida na haska bakin autana mai shekara bakwai da fitilar waya, na ga ɗigon baƙi a turminsa na can ƙurya. Da na ɗauka na nono ne zai faɗi, ashe wannan turmin tun wajen shekara shida yake fitowa kuma ba ya sakewa, shi ne irin wanda aka cire mini. Asabar mai zuwa ƙarfe tara aka ba mu, ni da shi.